Mun sauya boila a Bradford: ma'aikacin da ya fara duba hanyar hayaƙi

Gidan da muka saya a Bradford ta Ingila tsoho ne, irin na jere da ake haɗa bango da maƙwabta. Boilarsa, wato na'urar gas mai dafa ruwa da ɗumama gida, a ɓoye take bayan murhun falo, hayaƙinta yana bin tsohon bututun bulo ya fita ta saman rufi. Da Nuwamba ta kama sai ta fara mutuwa da tsakar dare, uwargida kuwa ta ce ta gaji da dafa wa yara ruwan wanka a tukunya.

Mutum biyu na kira. Na farko ya dubi boilar, ya yanka kuɗi, ko leƙa waje bai yi ba. Na biyu tun a bakin ƙofa ya miƙo mini katinsa na Gas Safe, rajistar da duk mai taɓa kayan gas a Ingila sai yana cikinta, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009. A bayan katin an jera irin ayyukan da aka yarje masa. Kuɗinsa ya ɗara na wancan da kusan fam 300, amma shi na ɗauka, ga kuma dalili.

Yana zagaya falo sai ya durƙusa, ya zaro tsumma da kwalin da na cusa a wata 'yar kafar iska a gindin bango. Ni na toshe ta saboda sanyin da take shigowa da shi. Ya ce irin wannan tsohuwar boila daga cikin ɗaki take shaƙar iskar da wutarta ke ci. In aka toshe kafar, wutar ba ta ƙonewa sosai, ta koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗiya, ta riƙa fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi balle wari. Jikina ya yi sanyi. Ni da nake yi wa 'yan'uwa a Kano faɗa kan kwana da janareto a zaure ko kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, ashe ga ni ina yin nawa a falona.

Sabuwar a kicin ya sa ta. A rufe take ruf, ba ruwanta da iskar ɗaki. Bututunta biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: na ciki yana fitar da hayaƙi, na waje yana jawo iska daga waje. Na so a manna ta kusa da taga don kada ta cinye mana wurin kabad, ya ƙi. Ya ce bakin bututun sai ya nisanci duk tagar da ake buɗewa da aƙalla santimita 30, in ba haka ba hayaƙin gida zai dawo. Ya ɗan karkata bututun yadda ruwan da tururi ke zama zai gangaro cikin boila, sannan ya haɗa siririn bututun zubar da ruwan da magudanar wanke-wanke ta cikin gida. In ta waje aka bi da shi, ƙanƙara na toshe shi, kamar yadda ya faru da gidaje da yawa a sanyin farkon 2018.

Da ya gama ya zura na'urar awo a bututun, ya nuna mini lambobin, ya cike takardar aiki. Ya kuma kafa ƙararrawar kabon monoksaid kamar mita biyu daga boilar, wadda tun Oktoban 2022 doka ta wajabta idan an sa sabuwar boilar gas. Takardar shaida ta iso ta gidan waya bayan 'yan makonni.

Ba wai ba shi da aibu ba. Aikin kwana biyu ya koma uku, ƙura ta game kicin, simintin da ya liƙe ramin bango da shi kuwa kamar yaro ne ya yaɓa, sai da na sake kiran magini. Bai kuma gaya mana cewa sabuwar tana feso farin tururi da safe ba, har uwargida ta bugo mini waya a wurin aiki wai gida na hayaƙi. Duk da haka shi zan kira badi ya zo duban shekara, na ma riga na bai wa maƙwabcinmu lambarsa, don shi ma boilarsa tana bayan murhu.