Kakan da ya je Bama da wanda Jamus ta kama: wanne za a fara nema?

Ɗan uwa, ka ce kakanka na wajen uba, Bakatsine, ya yi sojan Ingila a Bama (ƙasar Myanmar ta yau), na wajen uwa kuma Faransa ce ta ɗauke shi daga Tasawa, ana cewa Jamus ta tsare shi a yaƙin Hitila. Kana so ka san wanda ya fi sauƙin bin sawu. Shawarata ka fara da na Tasawa, domin wanda aka kama ya fi barin sawu a takarda.

Faransa tilas take ɗibar samari ta hannun sarakuna, kowa a shigar da shi rajista da lambarsa da shekarar ɗauka da yankin da ya fito. Duk sojan Afirka ta Yamma sunan Senegal ake laƙaba wa rundunarsu, har 'yan Nijar, don haka kada ganin Senegal a takarda ya sa ka ture ta. Bayanan aikin irin waɗannan sojoji suna ma'ajiyar soja ta garin Pau a Faransa. Waɗanda aka kama a Mayu da Yuni 1940 kuwa, Jamus ba ta so zaman baƙar fata a ƙasarta ba, sai ta zuba su a sansanoni cikin Faransar da ta mamaye. Frontstalag ake ce musu, kowanne da lambarsa. Senghor ma, wanda ya zama shugaban Senegal, ya zauna a na 230 a Poitiers. Katunan fursunonin suna wata ma'ajiyar soja a garin Caen na Faransa, kuma Red Cross a Geneva tana da nata, sai dai lokaci-lokaci take karɓar buƙata. Ƙofa uku ke nan a kan mutum ɗaya.

Ka kula sosai da ranar dawowarsa. In ta Dakar ya biyo a ƙarshen 1944, to ka binciki Thiaroye, sansanin soja kusa da Dakar, inda ranar 1 ga Disamba sojan Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin da ke neman haƙƙinsu na shekarun tsare. Wannan abu har yau yana ci mini rai.

Na Bama kuwa, labarin bataliya za ka samu, ba na mutum ba. Ma'ajiyar Ingila da ke Kew a Landan tana da littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum, a jerin WO 172. Za ka ga kogin da aka ƙetare da ranar da aka yi artabu da Japan, amma yawancin sunayen na hafsoshi Turawa ne. Namu sau da yawa adadi ne kawai. Ga matsalar suna: mutum da garinsa ake rubutawa, Musa Katsina, Garba Kano, kuma masu irin sunan ba sa ƙirguwa. Ba lamba, ba ka da makama. Hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da sunaye a intanet, har da kusan 27,000 na dutsen tunawa na Rangun a Bama, amma na mamata ne, naka kuwa ya dawo gida.

A nan bakin tsofaffi ya fi takarda. Wane suna kakan yake yawan ambata? In kogin Kaladan ne, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ke nan, a 1944. In Chindit ne, wato runduna ta musamman mai kutsawa bayan layin Japan, ka duba bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Najeriya. In garin Myohaung ne, Janairu 1945, can runduna ta 81 da ta 82 suka haɗu. Sunayen nan ba baƙi ba ne gare mu: barikin Chindit na Zariya, Myohaung a Legas, Kaladan a Tamale.

Kafin ka rubuta wa kowace ma'ajiya, ka roƙi gwaggo da inna su buɗe adaka. Littafin sallama ko takardar fansho kake nema na Bakatsinen, ka kai ofishin 'yan mazan jiya na jiharku. Na Tasawa kuma ɗan littafinsa na soja. Wasiƙar Pau da Caen da Faransanci za ka rubuta, ka sa sunan ta kowace siga da Bafaranshe zai iya rubuta shi: Musa ya koma Moussa, Usmanu ya koma Ousmane.