Shekara biyu ina kallon talabijin ɗin Birtaniya daga Kanada: abin da na biya da abin da na samu

Na yi shekara goma sha ɗaya a birnin Leeds da ke arewacin Ingila, inda na je karatu daga Zariya kuma na zauna aiki, kafin a ƙarshen 2023 na sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Calgary, a lardin Alberta na ƙasar Kanada. Cikin abubuwan da na lissafa cewa zan yi kewarsu, talabijin ba ya ciki, domin na ɗauka a zamanin intanet duk inda mutum ya je tashoshinsa na biye da shi. Kwana uku da saukarmu na buɗe manhajar BBC iPlayer a wayata don in ga labaran ƙarfe shida, sai aka sanar da ni cewa a cikin Birtaniya kaɗai take aiki. Daga wannan rana na fara gwada hanyoyi iri-iri, kuma wannan sharhi na wadda na tsaya a kanta ne, wato BritBox, manhajar kallon shirye-shiryen Birtaniya da ake biyan kuɗi, tare da sauran da na bi ta kansu kafin in kai gare ta.

Yana da kyau a fara fahimtar dalilin rufe ƙofar, domin rashin fahimtarsa ne ke sa mutane su yi ta asarar kuɗi. Kuɗin da ke tafiyar da BBC a cikin gida mafi yawansu daga lasisin talabijin suke fitowa, wanda kowane gida mai kallon shirye-shirye kai tsaye yake biya duk shekara, kuma tun daga watan Satumba na 2016 doka ta haɗa da masu kallon iPlayer. Fam 159 na biya a shekarata ta ƙarshe, daga baya ya koma fam 169.50 a 2024, sannan fam 174.50 a 2025. Lasisin na adireshin gida ne a Birtaniya, ba ya bin mutum zuwa wata ƙasa. Haƙƙin nuna shirye-shiryen a waje kuwa sayar da shi ake yi ƙasa-ƙasa, kuma wanda ya saya ba zai yarda a riƙa ba masu kallonsa kyauta ta bayan fage ba. An taɓa samun manhajar iPlayer ta ƙasashen waje wadda ake biya, kuma Kanada na cikin ƙasashen da ta isa, amma daga 2011 zuwa 2015 kaɗai ta yi aiki. Manhajojin tashoshin ITV da Channel 4 ma haka suke, ba sa aiki a Kanada.

Hanya ta farko da aka nuna mini ita ce manhajar ɓoye wuri, wadda aka fi sani da VPN, mai sa a ga kamar wayar mutum tana Landan alhali yana wata nahiya. Wani abokin aikina, ɗan Sakkwato da ya riga ni zuwa da shekara biyar, shi ya kawo shawarar, ya ce: "Malam, ai kowa haka yake yi, ka sa kawai ka huta." Na sa, kuma ta yi aiki a daren farko, sai dai kafin shirin ya fara an tambaye ni ko ina da lasisin talabijin, ni kuwa da hannuna na soke nawa ranar da muka mayar da makullin gida. Na daɗe ina kallon tambayar. Ban ga yadda zan amsa da "e" ba tare da na yi ƙarya ba, kuma ƙaryar da za a riƙa maimaitawa kowane dare a gaban yara ba ƙarama ba ce a wurina. Ban ɗora wa kowa hukunci a kan wannan ba, amma ni na goge manhajar kafin mako ya zagayo.

Hanya ta biyu ta fi ba ni takaici. Wani mai shago ya sayar mini da ƙaramin akwati da ake haɗawa da talabijin, ya ce akwai tashoshi dubbai a ciki har da dukan na Birtaniya kai tsaye, na biya kuɗin shekara guda a dunƙule. Hoton yakan tsaya cak a daidai lokacin da mutane suka yi yawa a kai, wato lokacin wasan ƙwallo, kuma bayan wata huɗu tashoshin suka ɓace gaba ɗaya, lambar da aka ba ni ta neman taimako ta daina shiga. Sai daga baya na gane cewa masu akwatin ba su da izinin kowa a kan abin da suke sayarwa. Duk wanda aka yi wa tayin tashoshi dubu a kan kuɗin da bai kai na tasha ɗaya ta halal ba, ya tuna cewa araha ba ta ado.

Bayan nan ne na yi rajista da BritBox. BBC da ITV ne suka kafa ta tare, ta fara aiki a Amurka a 2017, ta shigo Kanada a 2018, sannan a 2024 sashen kasuwanci na BBC ya saye kason ITV ya zama shi kaɗai ke da ita. Abin da nake biya a wata bai kai kuɗin abincin rana ɗaya a kusa da wurin aikina ba, kuma babu talla a tsakiyar shiri. Na yi amfani da ita a talabijin ɗin falo da waya da kwamfuta, hoton yana fita tas, kuma idan na tsaya a tsakiyar shiri a falo, ina iya ci gaba daga wurin a waya lokacin hutun aiki. A shekara ɗaya da rabi ban taɓa neman wani ya gyara mini komai ba, wanda bayan wahalar akwatin nan ya zama mini babban abu.

Ƙarfinta yana wajen wasannin kwaikwayo masu dogon zango, musamman na binciken laifuka, kuma a nan ban da abin cewa sai yabo. Shirin Vera, wanda ITV ta nuna daga 2011 zuwa 2025, Brenda Blethyn tana fitowa a matsayin jami'ar 'yan sanda mai bincike a yankin Northumberland, na kalle shi daga farko har ƙarshe a cikin hunturu ɗaya. A Leeds ban taɓa bin sa a jere ba, saboda aikin dare yakan sa in rasa wasu makonni. Haka kuma Shetland, wanda labarinsa ke faruwa a tsibiran da ke can arewacin Scotland. Abin da ya riƙe ni a waɗannan shirye-shirye ya wuce sanin wanda ya yi kisa. Harshen mutanen ne, da gajimaren da ba ya ɗagawa, da gidajen dutse a bakin hanya, da yadda ake ɗora butar shayi a kan wuta kafin a faɗa wa mutum mummunan labari. Na shekara goma sha ɗaya ina jin irin wannan magana daga bakin marasa lafiya da direbobin bas, ban san ta shiga jikina ba sai da na ji ta a ɗakin da ƙanƙara ta rufe tagoginsa a wata nahiya. Rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ma ya taimaka ƙwarai, domin Turancin mutanen Newcastle da na tsibiran Scotland yakan gagari wanda ma aka haifa a kudancin Ingila.

Ga mai iyali akwai abin lura. Yawancin abin da ke ciki na manya ne, akwai gawa da bincike da maganganun da ba zan so 'yata mai shekara bakwai ta ji ba, saboda haka sai yara sun yi barci muke kunnawa. Ba don ƙananan yara aka gina manhajar ba, kuma ba ta ce don su aka gina ta ba. Yaran sun yi kewar tashar CBeebies na 'yan watanni, sannan suka saba da shirye-shiryen nan, sun fi mu saurin sakin abin da ya wuce.

Abin da ya kamata mai niyyar biya ya sani tun farko shi ne, rumbun shirye-shirye zai samu, ba tashoshin BBC One ko ITV suna gudana kai tsaye ba. Wannan ba aibin manhajar ba ne, haka aka tsara ta, kuma dalilin shi ne batun haƙƙin nunawa da na ambata. Amma a nan ne na gane ainihin abin da nake kewa. A Leeds, ƙarfe shida na yamma labaran ƙasa, shida da rabi kuma Look North, shirin labaran yankin Yorkshire, inda za a faɗi hanyar da aka rufe, da makarantar da ambaliya ta shiga, da yanayin gobe. Washegari a wurin aiki kowa ya ga abu ɗaya, hira ta samu. Ya tuna mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa, wanda ba ya karyawa sai ya saurari shirin safe na Sashen Hausa na BBC, sashen da ke watsa shirye-shirye tun 1957, kuma idan ya fita ƙofar gida duk dattawan layin labari ɗaya suke tattaunawa. Tsakanin Calgary da Birtaniya akwai tazarar sa'a bakwai, wato lokacin da ake Look North ni ina tsakiyar aiki da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe, kuma ko da na same shi babu wanda zan yi hirarsa da shi. Wannan ba abin da kuɗin wata zai sayo ba ne, kuma da na san haka da wuri da ban sayi akwatin nan ba.

Sauran giɓin na cike shi ta hanyoyin da ba su ci mini ko kwabo ba, ko kuma suna cikin abin da nake biya dama. Sky News tana watsa shirinta kai tsaye a YouTube, kuma a nan na bi babban zaɓen ranar 4 ga Yuli, 2024. Ƙarfe goma na dare agogon Birtaniya ake rufe rumfuna a fitar da hasashen sakamako, wanda ya zo daidai da ƙarfe uku na rana a wurinmu, na ga hasashen a waya a ɗakin hutu, na dawo gida na tarar ana ta bayyana kujeru har aka tabbatar jam'iyyar Labour ta Keir Starmer ta yi rinjaye. Ba kallon baƙo na yi wa zaɓen ba, domin ɗan ƙasar Commonwealth mai izinin zama a Birtaniya yana da ƙuri'a, kuma na jefa tawa a 2015 da 2017 da 2019. A karon farko na ga daren zaɓe gaba ɗaya ba tare da na hana idona barci ba.

Uwargida kuwa Coronation Street take bi, shirin da aka fara a watan Disamba na 1960, wata biyu bayan Najeriya ta sami 'yancin kai, kuma har yau bai tsaya ba. Tashar CBC ta Kanada ta daɗe tana nuna shi, ana kuma samunsa kyauta a manhajarta ta CBC Gem. Yana zuwa a bayan na Birtaniya, shi ya sa takan roƙi ƙawayenta na Leeds kada su ba ta labari a WhatsApp. Akwai kuma tashar KSPS ta birnin Spokane a Amurka, wadda ake kamawa a Calgary, tana kawo wasannin Birtaniya a daren Lahadi. A nan muka kalli All Creatures Great and Small, wanda ake ɗauka a Grassington cikin tsaunukan Yorkshire, garin da muka taɓa kai yara yawo. Da aka nuno dandalin kasuwar garin sai ta ce: "Abban yara, duba, ai a nan muka tsaya muka sha shayi ruwa na dukanmu."

Ƙwallo ce kaɗai wurin da zaman waje ya fi zaman gida. A Birtaniya ba a nuna wasa kai tsaye ranar Asabar tsakanin ƙarfe 2:45 da 5:15 na yamma, tsohuwar ƙa'ida ce da aka kafa don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi, saboda haka wasannin ƙarfe uku sai dai a jira shirin Match of the Day na BBC da dare a ga taƙaitawa. A Kanada kamfanin Fubo ne ke da haƙƙin gasar Firimiya a shekarun da na yi a nan, kuma dukan wasanni 380 na kakar wasa ana nuna su. Kuɗinsa daban ne, ya kuma fi na BritBox nesa ba kusa ba, don haka watannin kakar wasa kaɗai nake biya. Wasan ƙarfe uku yana zuwa mana ƙarfe takwas na safe, na sha biyu da rabi kuwa ƙarfe biyar da rabi na asuba, kuma a watan Disamba sallar asuba kan faɗo a tsakiyarsa. A watan Maris sai an kula, domin Kanada na riga Birtaniya sauya agogo da mako biyu ko uku, tazarar ta koma sa'a shida.

Wanda abin da yake so shi ne wasannin kwaikwayo, tsofaffi da sababbi, cikin hoto mai kyau kuma da izini, BritBox ta cancanci kuɗinta, kuma ina ba shi shawara ya fara da biyan wata ɗaya ya duba ko shirye-shiryen da yake nema suna cikin jerin ƙasar da yake, domin jerin Kanada da na Amurka ba daidai suke ba, kuma ba a kowace ƙasa manhajar take aiki ba. Wanda labarai ko ƙwallo ne damuwarsa, ba ita ce za ta biya masa buƙata ba. Ni dai na sabunta rajistata a watan jiya, wannan karon na shekara guda, kuma mun fara Shetland daga farko tare da uwargida, tun da kashi uku na farko ni kaɗai na kalla lokacin tana Zariya ganin gida.