Diamant-Berger ko Fairbanks: wanne za a fara kalla?

Ana yawan tambayata wanne ya fi cikin fina-finan bebaye biyu na 1921 da aka ɗauko daga littafin marubucin Faransa Alexandre Dumas, Les Trois Mousquetaires.

Na Faransa, aikin darakta Henri Diamant-Berger, kashi 12 ne. Yana bin littafin sau da ƙafa, har ƙarshen makircin Milady, muguwar matar da ke cikin labarin. Aimé Simon-Girard ya zauna daram a matsayin d'Artagnan, jarumin labarin, daraktan ma ya sake ɗaukarsa da ya maimaita fim ɗin da magana. Amma fa yana cin lokaci.

Na Amurka kuwa, wanda Douglas Fairbanks ya fito a matsayin d'Artagnan, kimanin awa biyu ne: tsalle, alkafura, saran takobi. Bai kai ƙarshen littafin ba, ya tsaya kan labarin dawo da lu'ulu'un sarauniyar Faransa.

Mai haƙuri da son cikakken labari ya nemi na Faransa. Mai neman nishaɗin dare guda, Fairbanks ya ishe shi.