Rahoton IOM kan masu shige da fice ta Sakkwato: amfaninsa da inda ya gaza

Tun 2017 hukumar IOM, mai kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa wurin ƙidayar matafiya a Sakkwato, saboda hanyar Illela zuwa Birnin Konni. Ma'aikatanta kan tambayi direbobi da shugabannin tasha: mutum nawa, 'yan wace ƙasa, maza ko mata, ina suka dosa, me ya fito da su. Rahoton kyauta ne a intanet, sai dai da Turanci yake.

Ga jami'in tsare-tsare yana da amfani ƙwarai, tunda rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Yana nuna lokacin da 'yan ci-rani ke kwararowa bayan girbi.

Amma wucewa yake ƙirgawa, ba mutane ba. Ɗan kasuwar da ke zuwa Illela duk mako zai iya shiga lissafi sau huɗu a wata. Wanda ya bi ɓarauniyar hanya a kan babur, ko ya wuce da dare, babu shi, alhali irin wannan hanyar aka fi bi lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2023. Tasirin matafiyan kan kuɗin haya, ladan lebura da cunkoson asibiti kuwa, rahoton ba ya nuna shi, sai an haɗa shi da wasu bayanai, kamar rajistar asibitoci da makarantu.