Man Darbejiya na Feshi a Lambun Gida: Inda Ya Yi Aiki da Inda Ya Gaza

Man darbejiya na kwalba, wanda wasu ke kira man dogon yaro, ya fara yawa a shagunan kayan noma na Birnin Kebbi, kuma masu sayarwa suna tallata shi a matsayin maganin kowane irin ƙwaro, tun daga kiyashi har zuwa gara. Na yi amfani da shi tsawon rani guda a ɗan lambun da ke bayan gidana a Badariya, inda nake da tumatir da tarugu da kuɓewa da alayyafo, sai kuma lemun tsami da gwaba a jikin katanga. A ganina man ya ci kuɗinsa, amma ba ta fuskar da mai shago ya nuna mini ba, kuma duk wanda ya saye shi da niyyar ya wayi gari ya tarar da gawar tururuwa a ƙasa zai ɗauka an cuce shi.

Abin da ya kai ni shagon shi ne cinnaku da kiyashi da suka mamaye tarugu da lemun tsami bayan ɗaukewar ruwan sama, suna hawa suna sauka a jikin kara dare da rana, ganyen kuma yana nannaɗewa yana yin danƙo, daga baya ya yi baƙi. Mai shagon ya ce mini, "Malam, ka fesa yau, gobe ba za ka ga ko ɗaya ba." Na zaɓi wannan man a kan magungunan feshi masu guba saboda lambun gida ba gona ba ce: yara suna tsinkar tumatir su kai baki ba tare da sun wanke ba, uwargida tana yankar alayyafo kusan kullum don miya, kaji kuma suna tono a ƙarƙashin shukar. Ban yarda in shigo da irin su piya-piya wannan wuri ba, musamman da yake tun a shekarar 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos a kasuwanni saboda hatsarinsa ga mutane.

Kwalbar da na saya mai cin mililita 250 ce. Man yana da kauri, launinsa ruwan ƙasa mai duhu, warinsa kuma kamar na tafarnuwa ne mai ƙarfi, yana kama hannu har bayan an wanke. Da sanyin hunturu yakan daskare a cikin kwalbar, sai an tsoma ta cikin ruwan ɗumi kafin ya tsiyayo, kuma wannan ba alamar lalacewa ba ce, ɗabi'ar man ce. Ma'aunin da na bi shi ne mililita 5, wato ƙaramin cokalin shayi guda, a cikin lita ɗaya ta ruwa, don haka kwalbar tana isar lita 50 na feshi. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, saboda haka dole ne a fara kaɗa man da ɗan sabulun ruwa a cikin ruwan ɗumi har ya yi fari, sannan a juye cikin famfon feshi, a riƙa girgizawa ana aiki. Idan aka tsallake wannan mataki man zai taru a sama, farkon feshin ya zama ruwa zalla, ƙarshensa kuma ya zama mai zalla wanda ke ƙona ganye. Haɗin ba ya kwana, abin da aka dama yau a yau ake ƙarar da shi.

Feshin farko bai kori cinnaku ba. Waɗanda man ya jiƙa sun mutu, sauran sun janye na ɗan lokaci, kafin azahar ta washegari sun dawo kan hanyarsu. Kawuna, wanda ya daɗe yana noman albasa a Aliero, shi ne ya nuna mini inda matsalar take lokacin da ya zo gari. Ya kama ganyen tarugu guda ya juya bayansa, sai ga ƙananan ƙwari kore-kore da baƙaƙe sun yi cincirindo a gefen jijiyar ganyen, ko motsi ba sa yi, cinnaku suna zagaya su suna shafa su da ƙahonninsu. Ya ce, "Ɗana, ba cinnaku ne ke cin shukar nan ba, darɓa ce. Su kiwo kawai suka zo yi."

Maganar tasa daidai take da abin da masana suka tabbatar. Ƙwarin darɓa suna soka bakinsu cikin ganye su tsotsi ruwansa, sannan su fitar da wani ruwa mai zaƙi, wanda shi ne danƙon da ake ji a hannu, kuma a kansa ne baƙar fumfuna ke tsirowa ta rufe ganyen ta hana shi samun hasken rana. Wannan zaƙin cinnaku da kiyashi suke bi, kuma suna tsaron ƙwarin kamar yadda makiyayi ke tsaron shanun da yake tatsa: suna korar duk ƙwaron da ya zo cin su, wani lokaci ma su ɗauke su zuwa sabon toho. Darɓa kuma tana haihuwa ba tare da barbara ba, 'ya'yan suna fitowa da ransu, cikin kimanin mako guda su ma su fara haihuwa, shi ya sa ganye ke cika kafin mutum ya ankara. Ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce, domin ita ce ke yaɗa cutar da ta cinye gyaɗa a Arewacin Nijeriya a shekarar 1975, lokacin da aka yi asarar kimanin hekta 700,000, kuma manoma masu shekarun kawuna har yanzu suna tuna wannan shekara.

Daga nan na sauya yadda nake feshi. Na daina bin layin cinnaku a jikin kara, na koma ɗaga ganye ina jiƙa bayansa da kan toho, sau ɗaya a mako, bayan la'asar sakaliya. A nan ne man ya nuna amfaninsa. Ba ya kisa nan take. Sinadarin da ke cikinsa, wanda ake kira azadirachtin, yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma hana shi saɓa ya girma, shi kuma maiƙon yana toshe wa ƙananan ƙwari masu laushin jiki hanyar numfashi. Tarihin binciken ma abin sha'awa ne: a shekarar 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa farin ɗango sun cinye duk wani kore sun bar darbejiya, kuma a 1968 aka ware sinadarin a Ingila. Itacen da muke hutawa a inuwarsa a kowace unguwa, wanda asalinsa daga yankin Indiya aka kawo shi, shi ne wannan. Kafin wata ya zagayo sabon ganyen tarugu ya fara fitowa a miƙe, danƙon ya ragu, baƙin da ke kan lemun tsami ya fara ɓarewa idan na watsa masa ruwa, cinnaku kuma suka yi ta raguwa da kansu saboda abin da ke kawo su ya ƙare. A kan darɓa kaɗai, ba ni da abin da zan ce sai yabo.

A kan farin ƙuda, ƙananan fararen ƙwarin da ke tashi kamar ƙura idan aka girgiza tumatir ko kuɓewa, man ya rage su amma bai gama da su ba, domin manyan suna tashi su dawo daga lambun maƙwabta. Tushen tumatir da ganyensa ya riga ya nannaɗe ya yi rawaya saboda cutar da suke ɗaukowa ba ya warkewa da kowane irin feshi, tuge shi na yi na ƙona. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke maƙalewa a hammatar reshen gwaba shi ma ya yi taurin kai, saboda farin abin da ya lulluɓe shi yana hana ruwa shiga, sai da na goge shi da tsumma mai ruwan sabulu kafin feshin ya kama. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta durƙusar da noman tumatir a Kano da Kaduna a 2016, tana shiga tsakanin fatar ganye ta yi ta rami daga ciki, inda man ba ya kai mata sosai. Tsinke ganyen da ke da farin tabo da wuri ya fi mini amfani.

Inda man ya gaza ƙwarai shi ne a kan tururuwa da gara, wato ainihin abin da aka fi tallata shi a kai. Tururuwa ba ruwanta da darɓa, iri take ɗauka. Na shuka latas da alayyafo a wurin reno, da safe na ga layinsu kowace ɗauke da ƙwaya guda suna nufar wani rami a gindin katanga, bakinsa kewaye da ƙaiƙayi. Na fesa wa layin man, suka kauce suka buɗe wata hanya. Dalili kuwa a fili yake, domin waɗanda ake gani a waje ma'aikata ne kawai, uwar da ke saka ƙwai tana can ƙarƙashin ƙasa, kuma muddin tana raye gidan zai ci gaba. Abin da ya yi mini aiki shi ne bin layin har bakin ramin, in tone shi in kwara tafasasshen ruwa da sassafe, sannan na mayar da renon iri cikin tsofaffin robobi a kan benci, na zuba toka a gindin ƙafafunsa. Ga lemun tsami kuma, na sare rassan da ke taɓa katanga, na ɗaure leda a jikin itacen na shafa mata giris a kai, ba a kan ɓawon kai tsaye ba don kada ya ƙone shi, sai hanyar hawa ta yanke.

Gara kuwa ba ma dangin tururuwa ba ce, ta fi kusa da kyankyaso, kuma daga ƙasa take zuwa ta rufe hanyarta da laka, feshin ganye bai shafe ta ba. Busasshen kara da itacen da na kafa wa tumatir su ne suka jawo ta, kuma ta fi kama shukar da ƙishirwa ta raunana. Kwashe busassun itatuwa da daidaita ban ruwa su suka rage ta. Kwarkwasa ba na taɓa ta idan ta ratsa lambu da damina, domin tsutsa da gyare take kwashewa ta wuce.

Wani abin da ya ƙara mini son man shi ne bai share lambun daga ƙwari masu amfani ba. Ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya, wanda shi da tsutsarsa darɓa ce abincinsu, ya dawo bayan cinnaku sun janye, zuma kuma ta ci gaba da zuwa furen kuɓewa da safe. Feshin yamma ne ya taimaka a nan, saboda man ya bushe kafin zuma ta fito. Akwai kuma dalili na biyu: hasken rana yana lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki, kuma mai a kan ganye da zafin bazarar Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Afrilu, ƙuna ce kai tsaye. Wani maƙwabcina ya fesa da tsakar rana, alayyafonsa ya yi tabo-tabo ya yanƙwane. Kasancewar man daga itace ya fito bai mayar da shi abin sha ba, yana da illa ga yara ƙanana idan suka haɗiye shi, saboda haka a kulle nake ajiye shi, kuma ana wanke ganyen miya sosai domin ɗacinsa yana bin ganye.

Ta fuskar kuɗi, kwalbar ta ɗara wasu magungunan feshi tsada, kuma tunda kowane mako ake maimaitawa, wanda lambunsa ke da girma zai ji a aljihunsa. Mai haƙuri zai iya tsince 'ya'yan darbejiya da suka nuna, ya wanke ya shanya, ya ɓare ya daka ƙwayar, ya jiƙa kimanin giram 50 a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ya tace da ƙyalle mai laushi. Na gwada wannan a kan kuɓewa, kuma a kan darɓa aikinsa bai gaza na kwalba ba, illa dai wahalar daka da toshe bakin famfo idan tacewar ba ta yi kyau ba. Sauƙi da tsafta mutum yake saye a kwalba, kuma ga ma'aikacin da sai yamma yake samun lambunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babban ƙorafina yana kan takardar da ke jikin kwalbar. Da Turanci kawai aka rubuta ta, ba ta faɗi yawan sinadarin da ke cikin man ba, ba ta ambaci sabulu ba, ba ta gargaɗi mutum a kan feshin rana ba, sannan ta jera hotunan ƙwari har da gara da tururuwa, alhali man ba shi da abin da zai yi musu. Murfin ma yana yoyo idan kwalbar ta kwanta, kuma babu ma'auni a tare da ita. Mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar da aka yi man, ya guji kwalbar da ta daɗe a rana a gaban shago. Masu haɗa shi kuma, idan da gaske manoman Kebbi da matan da ke lambu a cikin gida suke so su saya, su rubuta ma'auni da lokacin feshi da Hausa, boko da ajami, su cire hoton gara, su sa hoton bayan ganye mai ɗauke da darɓa.