Ƙaramar Na'urar Gwajin Fawa Fak: Tana Gane Matacce, Ba Ta Gane Mai Ciwo

A shagunan gyaran kwamfuta na PZ da Sabon Gari har Samaru, za ka ga wata 'yar na'ura mai girman tafin hannu, mai ƙaramin allo shuɗi, ana jona mata fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kwamfutar tebur wuta. In ta nuna lambobi ba ta yi ƙara ba, sai a ce wa mai kaya lafiya lau. Tana da amfani, amma an ɗora mata aikin da ba nata ba.

Tana da ramin filogi mai haƙora 24, da na 8, 6 da 4, da na SATA. Da ka jona, tana tada fawa fak da kanta, ba sai ka haɗa koriyar waya da baƙa da guntun ƙarfe ba. Allon zai nuna 12V, 5V, 3.3V, da 5VSB mai ci ko kwamfuta tana kashe, sai PG, wato tsawon lokacin da akwatin ke ɗauka kafin ya shaida wa madabod, babban allon cikin kwamfuta, cewa wuta ta daidaita. Ƙa'idar ATX ta ba da rangwamen kashi 5 cikin 100: layin 12V ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na 5V tsakanin 4.75 da 5.25, PG kuma kada ya wuce milisakan 500. Wajen tace kayan gwanjo cikin minti ɗaya, ta biya kuɗinta.

Matsalarta ɗaya ce, babba kuwa: ba ta jan wutar kirki. Jaki ba kaya ai kowanne ƙaƙƙarfa ne. Fawa fak da kafasitocinsa, wato ma'ajiyan wuta na cikinsa, suka bushe zai nuna 12.1 tsaf a allon, amma da katin hoto, mai fitar da hoto a allon kwamfuta, ya nemi amfiya 15 sai wutar ta faɗi, kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Daga nan a yi ta zargin Windows da RAM.

Maganin yana wurin masu sayar da kayan mota. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.6 a layin 12V, huɗu sun ba ka wat 220 ke nan. Ka jona su tsakanin waya rawaya da baƙa ta filogin furosesa ko na katin hoto, kowane ƙwai da wayarsa. Kada ka bi ta filogin SATA, bai wuce ɗaukar wat 54 ba, narkewa zai yi. Ka riƙa ƙara su ɗaya bayan ɗaya, domin ƙwai mai sanyi yana fizgar wuta da yawa a tashin farko, yana iya sa lafiyayyen akwati ya kashe kansa. Ka kuma rataya ƙwan birki a jar waya, wato layin 5V, saboda fawa fak masu araha suna daidaita 12V da 5V ne tare. In ka danne ɗaya kaɗai, ɗayan zai haura ya ruɗe ka. Ƙwayayen suna zafi sosai, kan tayil ko bulo ake ajiye su.

Sai ka sa mitar awon wuta a kan rawaya da baƙa, ka rubuta abin da ta nuna a farko da bayan minti 30. Da rana za ka yi, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafin Zazzau ke cika, don a ɗumi ne rauni ke fitowa. Wanda ya sauka ƙasa da 11.4, ko fankarsa ta tsaya, ko ya fara ƙauri, ba na sayarwa ba ne. In babu ƙwai, jona akwatin a kwamfuta ka kunna OCCT ko Prime95 tare da FurMark, manhajojin da ke sa ta aiki mai nauyi, amma mita za ka gaskata, ba lambar manhaja ba.

Kafin duk wannan, karanta takardar da ke jikin akwatin. In an rubuta wat 500 da manyan baƙaƙe, layin 12V kuma amfiya 18 ne, to wat 216 ke hannunka.

Akwai abin da ƙwai da mita ma ba sa gani: rawar da wuta ke yi, wadda bai kamata ta wuce milibolt 120 a layin 12V ba. Wannan sai osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a allo. Haka kuma yawancin ƙananan Dell da HP na ofis suna da filoginsu na daban, ba sa shiga na'urar sam.

Ka duba jan makunnin da ke bayan tsofaffin fawa fak da suka fito daga Amurka: in yana kan 115 ka ba shi wutarmu ta 230, nan take zai fashe. Kuma kada ka buɗe murfin don kakkaɓe ƙurar hunturu da ka zare filogi. Babbar kafasitar ciki tana iya riƙe sama da 300V. Ta ramukan iska ake hura shi.