Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a hutun Babbar Sallah, a idon Bakatsine

In dai da tsoho ko yara ƙanana zaka yi tafiyar, jirgin nan ya fi mota nesa ba kusa ba, wannan kam ba gardama. Amma mu Katsinawa kada wani ya ruɗe mu da hotunan da ake ɗorawa a Facebook ana zaune cikin esi ana murmushi, jirgi a tashar Rigasa ta Kaduna yake sauke ka, daga nan zuwa Ƙofar Ƙaura a Katsina kuma kai da Allahnka ne da direban tashar mota ta Kawo. Wato kilomita 186 na farko ya ɗauke maka, sauran da suka fi yawa suna nan suna jiranka. Sai dai waɗannan 186 ɗin su ne wanda kowa ya fi jin fargabansu, ga ramuka ga aikin titi da aka fara tun 2018 ga manyan motoci, shi yasa har yanzu nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba.

Mu ranar Arfa muka taso, ni da maiɗakina da yara da Hajiyarmu da tazo ganin likita ta ce ita fa ko ana ha maza ha mata a Katsina zata yi Sallah. Kowa ya san ranar nan Abuja kwashewa take yi, duk wani ɗan arewa mai aiki ko kasuwanci ya nufo gida, to rabin wahalar tafiyar tun a waya ake shan ta wajen neman tikiti. Tun 2021 aka koma saye ta intanet, kuma yanzu sai da lambar NIN, sunan dake kan tikiti shi ake dubawa da katinka a ƙofa. Da zarar an buɗe sayar da na ranar sai kaga kujeru suna ɓacewa a gaban idonka, kana cikin rubuta lambar mutum na biyu na uku an riga an ɗauke wadda ka zaɓa. Shawarata ka rubuta lambobin kowa a wuri ɗaya tun kafin lokacin, katin banki a hannu, data isasshiya, in da hali kai da wani ku gwada a waya biyu. Na safe shi ke fara ƙarewa, kuma shi ne namu, don Bakatsine bai da abin yi da jirgin yamma sai in yana da wurin kwana a Kaduna.

Akwai wasu samari dake shawagi a waje suna raɗa wa mutane "Alhaji akwai tikiti", dan Allah ku rabu da su. A gabanmu aka maido wani bawan Allah da kayanshi niƙi-niƙi, ya saya a hannunsu ninki, aka duba sunan wani ne daban, yana ta rantsuwa yana neman yaron a waya, waya a kashe. Ni dai ban ga laifin masu duba tikitin ba, aikinsu suka yi.

A tashar Idu ta Abuja muka shiga, kuma Idu da nisa take daga gari, kuɗin tasi kaɗai sai da na ji a jikina. Wanda ke zaune wajen Kubwa ko Gwarinpa ko Dutsen Alhaji gara ya saya daga tashar Kubwa, jirgin na tsayawa can, sai dai tsayawar ba ta da tsawo, mai kaya da yawa da tsohuwa zai sha gudu. Mu saboda Hajiya muka zaɓi Idu don a shiga a natse. Ana sa jakunkuna a na'ura, a duba kati, sannan ka zauna a zauren jira, wanda ranar ya cika maƙil har mutane na zaune kan ganamasgo ɗinsu. Wani matashi da ban san shi ba ya tashi ya ce "Hajiya bismillah ga wuri", Allah ya yi mashi albarka.

Cikin taragon kuwa ba laifi wallahi. Ekonomi muka hau, kujera da lambarta, wurin ajiye kaya a sama, ga fili da mutum zai miƙe ƙafa ya tashi ya zaga, abin da ba zaka taɓa samu ba a Sharon da aka cusa mutum huɗu a layi. Hajiya na da ciwon gwiwa, a mota duk bayan awa sai an roƙi direba ya tsaya yana tsaki, nan kuwa da kanta take miƙewa ta dafa kujeru ta je ta dawo. Banɗaki yana nan, da farkon tafiya tsaf, wajen ƙarshe kuma sai a hankali, wannan kuma halinmu ne mu fasinja, mutum ya shiga da yaro ya jiƙa ko'ina ya fito abinshi. Ku riƙe buta ƙarama da ruwanku.

Sanyi fa akwai shi. Ba mu kai Kubwa ba Hajiya ta jawo ni ta ce "ɗan nan je ka ce masu su rage wannan abu, ko so suke mu daskare kafin Sallah", na ce Hajiya ai ba na mutum ɗaya bane, sai maiɗakina ta ciro zani ta lulluɓa mata. Duk mai tafiya da tsoho ko jariri ya sa rigar sanyi a jakar hannu, kada ya cusa ta can ƙasan akwati. Wurin caji akwai amma na kusa da mu wani ya riga ya kafa wayoyi har da fawabank tun daga Idu bai cire ba sai Rigasa, netwok kuma yana zuwa yana ɗaukewa, in kana da turin kuɗin rago da zaka yi ka gama shi tun a tasha.

Rigimar kujera ita ce ba a rasawa ranar cunkoso. Mun tarar da wata mata ta baje da 'ya'yanta a namu wurin, na ce baiwar Allah duba lambar tikitinki, ta ce ai duk kujera kujera ce, sai da ma'aikaci yazo ya karanta mata ashe taragon ma ba nata bane. An rabu lafiya dai, har ta dawo daga baya ta ba yarana cincin.

Abinci ana zagayawa da shi, su mitfai da shinkafa da lemo da ruwa, kuɗin ya ɗara na waje kamar yadda aka saba a irin wuraren nan. Ranar dai kasuwarsu ba ta ci sosai ba don yawancin manya na azumin Arfa, yara ne suka yi ta ci a madadinmu.

Abin da ya fi burge ni shi ne kallon taga. Babbar Sallah 'yan shekarun nan a farkon damina take faɗowa, to daga Kubwa zuwa Jere ƙasa ta yi kore shar, duwatsu, masara har ta kai gwiwa, shanu a bakin rafi, mu da muka san a gida lokacin ma ake ta shuka wasu na jiran ruwa ya zauna. Yarana da suka saba kwana a mota ko gyangyaɗi basu yi ba. Amma da aka doshi wajen Rijana sai hira ta ragu a taragon, kowa ya san a yankin nan ne aka kai harin 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka kwashi wasu zuwa daji suka yi watanni, jirgin ma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba na shekarar. Hajiya carbinta kawai take ja. Akwai jami'an tsaro da bindigogi a cikin jirgin suna kai da kawowa, ganinsu na kwantar da hankali, sauran kuma sai addu'a, mu da muka fito daga jihar da ta san wannan masifa ba sai an yi mana bayani ba.

Kusa da ni wani dattijo ne ɗan Funtua, da ya ji muna maganar gida ya ce "yaro kai Bakatsine ne ko", na ce eh Baba, shikenan hira ta ɓarke. Shi ya tuna mani ashe jiharmu ma ta san jirgi tun zamanin Turawa, tsohon layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtua ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda, wanda aka yi ta kwasar auduga da gyaɗa da shi, ya ce suna yara in jirgi ya yi kuka duk unguwa sai ta fito. Wancan siririn layi ne irin na Legas zuwa Kano, wannan da muke ciki mai faɗi ne, an buɗe shi a Yulin 2016 lokacin Buhari. Birnin Katsina da Daura dai ba su taɓa ganin jirgin fasinja ba, sai yanzu da ake aikin layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ga kuma na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a shekarar. In waɗannan biyun suka haɗu mutum zai iya hawa a Abuja ya sauka a gida. Baba ya yi dariya ya ce "ku dai zaku gani, mu sai dai ku ba mu labari", na ce haba Baba da kai za a hau in sha Allah.

Mun yi kusan awa uku kafin Rigasa, ba gudun tsiya yake ba, kuma ni hakan ya fi mani. To daga nan ne fa aiki ya dawo sabo. Jirgi guda ya juye mutane a lokaci ɗaya, kowa na neman abin hawa, masu tasi da keke sun san Sallah ce sun san kana da kaya da tsohuwa, kuɗin da suka faɗa mani zuwa Kawo sai da na ce malam Kawo fa na ce ba Zariya ba. In kana da ɗan'uwa a Kaduna ka roƙe shi yazo ya ɗauke ka, in babu ka ɗan taka gaba kaɗan daga bakin ƙofa, farashi na sauka. A Kawo ma haka, 'yan kamasho na ja ta nan na ja ta can, kuɗin mota ya tashi, motar Katsina kai tsaye ta cika ta tafi sai jiran wata ta yi lodi. Ƙarshe kujerun layi guda muka saya gaba ɗaya don Hajiya ta sake.

Daga Kaduna zuwa Zariya titi ya yi kyau yanzu, sai Funtua, Bakori, Malumfashi, a fito Gidan Mutum Ɗaya a kama Kankiya da Charanchi, muna ta gamuwa da motocin raguna na ƙarshe suna gangarawa kudu. Wasu direbobin sun fi son bi ta Kano duk da ya fi nisa, ka tambaya kafin ka biya. Abin da na fi jaddadawa shi ne lissafin lokaci, wannan hanya ba ta dare bace, jirgin safe ya sa muka shiga gari da sauran rana har muka sha ruwa a gida, wanda ya hau na rana kuwa magariba a hanya zata riske shi.

In aka zo batun kuɗi, kada a yaudari kai, in ka tara tasi zuwa Idu da tikiti da abin hawa daga Rigasa da motar Kawo, ya fi kuɗin motar da zata ɗauko ka daga Jabi ko Zuba kai tsaye, balle in ku da yawa ne. Saurayi mai jaka ɗaya a baya da ke lissafin aljihu zai iya cewa bai ga riba ba, ban kuma ce ya yi ƙarya ba. Mai kaya da yawa ma, irin masu tahowa da buhun shinkafa da jarkar mai, sauke-ɗora sau uku zai gajiyar da shi. Ni dai da iyali zan sake hawa.

Komawa ita ce ta fi wuya wajen tsari, don bayan an gama hawan Sallah da hawan Sarki kowa rana ɗaya yake son juyawa, kuma dole ka baro Katsina da asuba in kana son ka riski jirgin rana a Rigasa, mota ɗaya ta lalace a Malumfashi tikitinka ya tashi a banza. Mu kwana muka yi a Kaduna wurin ƙanwar maiɗakina muka bi na safe. Naman layya kuma a soya shi sosai ya tsane a zuba a bokiti mai murfi, wani ya shigo da nashi ɗanye-ɗanye a leda, cikin esi da tagogi a rufe, har muka isa Kubwa mutane na toshe hanci suna harararshi.